Me ya sa waya ke sake ɗauko hoton da ta riga ta gani?

Akwai wani dattijo baduku a unguwar Birni, abokin mahaifina, wanda na yi wa shafin intanet don tallar kayansa: jakunkuna, takalma, matasan kai na fata da kuben wuƙa. Ɗansa ne ke ɗaukar hotunan da waya yana ɗorawa. Hoton waya kuwa nauyi gare shi, ɗaya kan kai megabait 3 ko 4, don haka na rubuta ƴar manhaja da harshen PHP wadda ke karɓar hoton asali, ta rage faɗinsa, ta matse shi, sannan ta miƙa wa mai kallo nan take. Hoton megabait 4 ya koma kilobait 60 ko 70. Na tafi gida ina ganin aiki ya kammala.

Bayan mako biyu na bi ta rumfarsa. Yana zaune bisa tabarma da jar fata a cinya, yana huda ta da basilla. Da muka gaisa, bai ko ɗago kai ba ya ce:

"Ɗana, mutumina na Agadas ya kira. Ya ce shafin nan naka kullum ya buɗe sai ya zauna jiran hotuna, ko da yanzun nan ya rufe shi. Kuma megansa tafiya suke yi."

"Baba, ai na matse hotunan, ba su da nauyi ko kaɗan."

"To ni ban san matsi ba. Amma abin da mutum ya gani da safe, me zai sa ya sake biyan kuɗin ganinsa da la'asar?"

Tambayar Baba ita ce duk maganar da zan yi a nan. Matse hoto rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne gaya wa burauza, wato Chrome ko Firefox ko Opera da ke cikin wayar mai saye, cewa ta adana hoton, da tsawon lokacin da za ta riƙe shi, da yadda za ta tambaya ko ya sauya. Ana faɗa mata wannan ne ta wasu ƴan layuka da ake kira kanun amsa, kuma idan manhajarka ce ke ƙera hoton da kanta, ba wanda zai rubuta su sai kai.

Duk lokacin da waya ta nemi abu daga saba, wato kwamfutar da shafin ke zaune a kanta, amsar tana zuwa ne kashi biyu. Akwai kayan, a nan hoton ke nan. A gabansa kuma akwai layukan rubutu da ido ba ya gani a allo, kamar takardar da ake manna wa buhu a tasha: me ke ciki, nauyinsa nawa, yaushe aka ɗaure shi. Layin Content-Type yana faɗin irin hoton, image/jpeg ne ko image/webp. Content-Length yana faɗin girmansa. Sauran layukan suna magana ne a kan ajiya. Ƙa'idojinsu tsofaffi ne: HTTP/1.1, wato tsarin da burauza da saba ke magana da shi, ta fito a 1997, aka gyara ta a 1999, kuma takardar da ake aiki da ita yanzu kan ajiya, RFC 9111, ta fito ne a 2022.

Mu a Damagaram ba sai an koya mana ajiya ba. Wanda ya san daren da famfo ke kawo ruwa, ya san darajar randa da jarka. Ba wanda ke tafiya famfo duk lokacin da ƙishirwa ta kama shi. Burauza ma tana da randarta, wata ma'ajiya cikin waya inda take zuba abin da ta sauko da shi. Bambancin kawai, ita ba ta ɗiba daga randar sai an ba ta izini, ko kuma ta samu hujjar da za ta dogara da ita.

Idan hoto fayil ne da ke kwance a saba, manhajojin saba irin su Apache da nginx su ke yin wannan hidima ba tare da an roƙe su ba. Suna duba ranar da aka taɓa fayil ɗin su rubuta ta a layin Last-Modified, su ƙera masa wata alama su sa a layin ETag. Ko ba a faɗi wa'adi ba, burauza kan yi kintace da wannan rana: yawanci takan ɗauki kashi ɗaya cikin goma na tsawon lokacin da fayil ya yi ba a taɓa shi ba. Hoton da ya kwana 100 yadda yake, za ta riƙe shi kwana 10 ba tambaya. Amma da zarar adireshin hoton ya zama na manhaja, irin hoto.php?id=12, Apache ba ta san komai game da abin da zai fito ba. Ba ta san ranarsa ba, ba ta da alamarsa. Abin da manhajar ta ba ta shi take miƙawa. In manhajar ta yi shiru, burauza ba ta da wa'adi, ba ta kuma da abin tambaya da shi, sai ta sake sauko da hoton ɗungurungum.

Nawa laifin ma ya fi shiru muni. Da na koma gida na buɗe shafin a kwamfuta, na danna maɓallin F12 mai buɗe kayan binciken burauza, na shiga sashen da ke nuna zirga-zirgar fayiloli, na zaɓi hoton wata jaka. Ga abin da na tarar:

Cache-Control: no-store, no-cache, must-revalidate
Expires: Thu, 19 Nov 1981 08:52:00 GMT
Pragma: no-cache

Shekarar 1981, tun kafin a ƙirƙiro shafukan yanar gizo. Ban rubuta ko ɗaya daga cikin layukan nan ba. Abin da ya faru, a saman manhajar hoton na jawo fayil ɗin da duk shafukan ke amfani da shi, a cikinsa kuwa akwai umarnin session_start, wanda ke tuna waye ya shiga shafi. PHP kuwa, in an kira wannan umarni ba a sauya tsarinta na asali ba, sai ta liƙa waɗannan layuka uku. Tana da gaskiyarta: shafin da ke nuna asusun mutum bai kamata ya kwana a ma'ajiya ba. Amma hoton jakar fata ba sirrin kowa ba ne. Ni da hannuna na haramta wa wayar mutumin Agadas ta ajiye abin da ya saya da megansa. Maganin shi ne a raba manhajar hoto da wancan umarni gaba ɗaya, ko a kira session_cache_limiter da fanko kafin shi, sannan mutum ya rubuta nasa layukan.

Layin da ya fi kowane muhimmanci shi ne Cache-Control. Idan aka rubuta public, max-age=86400, ana nufin kowa na iya ajiye hoton har sakan 86400, wato kwana ɗaya. Shekara guda ita ce 31536000. Cikin wannan wa'adi burauza ba ta ko tuntuɓar saba. Daga randa take ɗiba, mega ko ɗaya ba ya fita, kuma hoton na bayyana ko rezo ya yi rauni. Layin Expires tsohon salo ne na HTTP/1.0 da ke faɗin ranar ƙarewa, kuma inda suka haɗu da max-age, maganar max-age ake bi.

Akwai kalmomi biyu da ke rikita ko ƙwararru, ina so in tsaya a kansu. Sunan no-cache yana sa mutum ya zaci ana hana ajiya ne. Ba haka ba ne. Ma'anarsa: ki ajiye, amma kada ki yi amfani da shi sai kin tambayi saba tukuna. Wanda ke hana ajiya shi ne no-store. Tazarar da ke tsakaninsu ga mai biyan kuɗin mega babba ce, domin tambaya ƴan ɗaruruwan bait take ci, sake saukarwa kuwa hoton duka take ci. Na sha ganin samari masu wannan sana'a sun kwafo dogon layi mai ɗauke da dukansu daga wani wuri sun manna a ko'ina, wai don kada tsohon abu ya maƙale. Tsohon abu bai maƙale ba, gaskiya, amma talakan da ke kallon shafin shi ke biyan kuɗin wannan kwanciyar hankali tasu, kuma bai san yana biya ba.

To ta yaya ake tambayar? Nan ETag ke shigowa. Kamar hatimi ne da ake buga wa takarda: wasu haruffa da lambobi cikin alamar zance, misali "a7f3-400-75", waɗanda ke wakiltar wannan hoton a wannan siffar. Burauza tana ajiye hoton tare da hatiminsa. Idan wa'adi ya cika, sai ta aika buƙata da layin If-None-Match ɗauke da hatimin, ma'ana: ina da mai wannan hatimi, in ba a sauya ba kada ki wahala. Idan ya yi daidai, saba ta amsa da lambar 304 ba tare da hoton ba, burauza ta ci gaba da na wurinta. In an sauya, amsar 200 ce da sabon hoto. Last-Modified ma haka yake aiki da abokin tafiyarsa If-Modified-Since, sai dai shi da rana da lokaci yake awo, kuma ba ya gane sauyin da ya faru cikin sakan guda. In buƙata ta zo da duka biyun, hatimi ake dubawa. Wanda zai rubuta rana kuma ya tuna cewa da agogon GMT ake rubuta ta. Agogon Nijar yana gaba da awa ɗaya, don haka a PHP gmdate ake kira, ba date ba.

Ga inda mutane da yawa ke tufka da warwara. Rubuta ETag a amsa ba ya haifar da 304. Manhajarka ce za ta karanta If-None-Match, ta kwatanta, ta amsa 304, ta tsaya. Kuma wurin da aka sa wannan kwatanci shi ne komai. Wasu sukan buɗe hoton, su rage shi, su matse shi, su lissafa hatimi daga sakamakon, sannan su ce ai bai sauya ba. An tsirar da megan mai kallo, amma saba ta riga ta yi duk wahalar a banza. Wahalar kuwa ba ƙarama ba ce. Hoton waya mai faɗin 4000 da tsawon 3000 ɗigo miliyan 12 ne; idan GD, kayan aikin hoto na PHP, ya warware shi, kowane ɗigo na cin kimanin bait 4, kusan megabait 48 ke nan na ƙwaƙwalwar saba, alhali iyakar da PHP ke zuwa da ita megabait 128 ce ga kowace buƙata. Shafi mai hotuna 20, mutum biyar su buɗe lokaci guda, a ƙaramar sabar haya da ake rabawa da wasu, ai sai ta durƙusa. Hatimin ya kamata a ƙera shi daga abubuwan da aka sani tun kafin a taɓa hoton: sunan fayil na asali, lokacin da aka sauya shi, faɗin da aka nema, ƙarfin matsin, da irin hoton da za a fitar. Haka za a amsa 304 ba a buɗe komai ba. Amsar 304 ɗin kuma a maimaita mata Cache-Control da ETag, don burauza ta sabunta wa'adinta.

Abin da aka ƙera kuma a ajiye shi a faifan saba, kada a riƙa sake ƙera shi ga kowane baƙo. A kuma taƙaita girman da aka yarda da su, uku ko huɗu, don kada wani ya cika faifan da neman kowane faɗi daga 1 zuwa 5000.

Duk da haka, ni ban ɗauki 304 a matsayin ƙarshen buri ba, kuma dalilina na nan ƙasarmu. Nijar ba ta da teku. Sabar da yawancinmu ke haya tana Faransa ko Amurka, kuma saƙo sai ya ratsa ƙasashen maƙwabta kafin ya kai igiyoyin sadarwa da ke ƙarƙashin teku. Kowace tambaya tafiya ce da dawowa. Hotuna 20, tambayoyi 20, a rezo mai zuwa yana ɗaukewa: mega bai tafi ba amma mai saye na kallon farin allo. Abin da ya fi shi ne kada a tambaya sam, wato dogon wa'adi.

Dogon wa'adi kuwa yana da tarkonsa, kuma na faɗa ciki. Na sa shekara guda a kan hoto.php?id=12. Bayan kwanaki aka sayar da jakar, ɗan Baba ya ɗora hoton wata a gurbinta da lamba ɗaya. Wata mata da ta taɓa buɗe shafin ta kira tana cinikin jar jaka, alhali abin da ke rumfa baƙa ce. Wayarta ba ta yi kuskure ba, ni na ce mata ta riƙe hoton shekara. Kuma ba wata hanya da saba za ta bi ta shiga wayar mutum ta goge abin da ta riga ta ba da izinin ajiyewa. Magana zarar bunu ce.

Mafita ita ce adireshi ya sauya duk lokacin da hoto ya sauya. A sa lokacin sauyin ko guntun hatimin cikin sunan, kamar jaka-12-a7f3.jpg, ko a ƙara v=a7f3 a ƙarshen adireshin. Sabon hoto, sabon suna, burauza za ta ɗauke shi baƙo ta sauko da shi. Tsohon kuma ya zauna har ya fice da kansa. Shafin da ke ɗauke da sunayen hotunan shi ne za a ba no-cache ko ɗan gajeren wa'adi, tunda shi ne mai sanar da sabbin sunaye. Da wannan tsari ana iya rubuta wa hoto public, max-age=31536000, immutable da zuciya ɗaya. Kalmar immutable, wadda aka tabbatar a RFC 8246 a 2017, tana gaya wa burauza cewa abin ba zai taɓa sauyawa ba, kada ta tambaya ko da mai waya ya ja allo ƙasa don sabunta shafi. Sai dai a sani, wa'adi izini ne, ba alkawari ba. Wayar da ta cika da bidiyon WhatsApp burauzarta na iya zubar da tsofaffin hotuna don samun wuri, shi ya sa ETag ke da amfani ko an sa shekara.

Kalmar matsi ma tana da fuska biyu da ake cakuɗawa. Akwai matsin da ke cikin hoton kansa, irin na JPEG, wanda ke zubar da abin da ido ba ya lura da shi. Akwai kuma matsin hanya, gzip ko Brotli, wanda ake shelantawa a layin Content-Encoding, burauza ta warware shi in ya iso. Na biyun na rubutu ne: HTML, CSS da JavaScript, waɗanda ake gina shafi da su, da hoton SVG tunda shi ma rubutu ne. Sa gzip a kan JPEG ko WebP kamar matse tsumman da ya riga ya bushe ne. PNG ma da dabarar matsi iri ɗaya da ta gzip aka gina shi. Ba a samun komai sai ɓata ƙarfin saba da batirin waya. Wani lokaci har ɓarna yake yi: in manhaja ta faɗi Content-Length sannan wani abu ya sake matse amsar, lissafi ya saɓa, hoto ya zo a yanke. Apache kuma kan liƙa -gzip a wutsiyar ETag, nginx ta sa masa W/ a gaba, sai kwatancin da ka rubuta ya daina dacewa, 304 ta ɓace ba ka san dalili ba.

Sai batun ba kowace waya irin hoton da take iya buɗewa. WebP, wanda Google ya fitar a 2010, da AVIF da ya biyo baya a 2019, sukan fi JPEG sauƙi a kyau iri ɗaya. Amma a kasuwar Dole har yanzu akwai tsofaffin wayoyi a hannun mutane. Burauza kan faɗi abin da take iyawa a layin Accept, inda za ka ga image/webp ko image/avif, manhaja ta duba ta zaɓa mata. Idan adireshi ɗaya na fitar da iri biyu, wajibi ne amsar ta ɗauki layin Vary: Accept. Dalili: tsakanin saba da waya sau da yawa akwai wata ma'ajiya ta tarayya, irin ta Cloudflare da makamantansa. In ba a gaya mata amsa na bambanta ba, za ta iya ajiye AVIF ɗin da ta ba mai sabuwar waya ta miƙa wa mai tsohuwa, shi kuma ya ga gurbin hoto fanko. Kowane iri kuma da nasa hatimin, da nasa Content-Type na gaskiya. Ba duk ma'ajiyoyin tarayya ke mutunta Vary a kan hotuna ba sai an daidaita su, shi ya sa ni na fi son hanyar da ba ta da rigima: kowane iri da adireshinsa, a jera su cikin alamar picture ta HTML, burauza ta zaɓa da kanta.

Kalmar public kuma ba ta kowane hoto ba ce. Hoton katin ɗan ƙasa, ko rasiɗin biyan kuɗi, ko takardar sakamakon ɗalibi, private ake rubuta masa don wayar mai shi kaɗai ta ajiye, ko no-store in a kwamfutar da jama'a ke rabawa za a buɗe. A nan waɗancan layuka na 1981 suke da gurbi.

Gani ya kori ji, don haka bayan gyara na gwada. A kwamfuta, buɗewar farko kowane hoto ya nuna 200 da girmansa. A ta biyu, gurbin girman ya nuna daga ma'ajiya aka ɗauko. Mai gwaji ya tabbata bai bar akwatin da ke kashe ma'ajiya a kunne ba cikin kayan F12, don na taɓa ɓata yamma guda ina neman laifin da babu shi saboda wannan. Da umarnin curl -I kuma, wanda ke tambayar saba kai tsaye ba tare da burauza ba, ana ganin kanun tsirara, a kuma aika hatimin da hannu a ga ko 304 za ta dawo.

Washegari na koma Birni. Na karɓi wayar ɗan Baba, muka duba adadin megan da ya rage masa, muka buɗe shafin har hotuna suka gama fitowa. Na rufe, na sake buɗewa, jakunkunan suka bayyana kafin in ɗauke yatsa daga allo. Muka sake duba megan, kusan yana inda yake. Na miƙa wa Baba wayar, ya goge hannunsa da gefen riga, ya riƙe ta nesa da ido yana tura hotunan sama da babban yatsa.

"Wannan baƙar an sayar da ita jiya," in ji shi. Ya juya ga ɗansa. "Kai, ɗauko waccan mai ruwan ƙasa ka yi mata hoto."

Yaron ya ɗauka ya ɗora. Na sabunta shafin a tawa wayar, mai ruwan ƙasar ta fito a gurbin baƙar, sauran goma sha tara kuma ba wanda aka sake saukarwa.